Lahadin da Sufeto Oktab Ya Yi Cizo

Gidanmu na unguwar Zongo a Kwatano gidan fatoma ne tun zamanin kakanmu. Fataken shanu in sun gangaro daga arewa nan suke sauka, a ba su ɗaki da abinci, maigida ya raka su kara ya tsaya tsakaninsu da mahauta. Su ba sa jin yaren Fon, ba sa jin Faransanci, mahautan Kwatano kuwa Hausarsu ba ta wuce "sannu" ba, saboda haka duk abin da za a faɗa sai ya bi ta bakin maigida. Da mahaifinmu Malam ya rasu, yayana Abdurrashid ya gaji aikin. Ni Zakiyya atamfa nake sayarwa a kasuwar Dantokpa, sai ranar Lahadi nake hawa zemijan, wato acaɓa, in zo gida in taya matarsa girkin baƙi.

Yaya gwanin aikinsa ne, wannan ba na yi masa ƙwauron yabo. In mahauci ya ce saniyar nan ƙashi ce da fata, Yaya zai ce wa mai ita, "Ya ce da gani ta sha tafiya." In mai saniya ya ce mahaucin ɓarawo ne, Yaya zai juya ya ce, "Ya ce kai ba a yi maka wayo." Haka ya koya wurin Malam, haka kowane fatoma yake yi, sai dai shi nasa ya fi na kowa kauri.

A shekarun nan da gwamnati ta saki bakin mutane, kowa ya samu abin faɗa, tashoshin tele, wato talabijin, ma suka ƙaru. Badarou, fatoman da ke bayan masallaci, ya sayi tele mai launi ya kafa a tsakar gida, kafin wata uku baƙinmu biyu sun kwashe buzunsu sun koma can. Babban baƙon da ya rage mana shi ne Baffa Hamma, mai shigo da shanu mota biyu kowane wata, shekara ashirin da biyu yana sauka gidanmu. In ya tashi, sauran ƙananan binsa za su yi, fatomancin gidan Malam ya ƙare ke nan. Sai Yaya ya sayi tasa telen, wadda ta fi ta Badarou girma, ya ɗora ta kan tebur ƙarƙashin rumfa.

To, abin da ake nunawa ranar Lahadi bayan la'asar wani fim ne na Turawa da aka juya zuwa Faransanci, labarin Sufeto Oktab. Ɗan sanda ne mai binciken kisan kai, kuma maye ne mai shan jini, shekararsa ɗari uku da arba'in a duniya. Wai ya tuba da cin mutane, yana kama masu laifi don ya wanke zunubinsa. Ban san wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan ba, amma da gani ba shi da aikin yi.

Baffa Hamma kuwa mutum ne da ko sunan maita aka ambata sai ya tofa addu'a ya tashi daga wurin. Ranar farko ya shigo an riga an fara, ya zauna, ya ce, "Maigida, wane ne wannan mai baƙar riga?" Yaya ya dubi tele, ya dubi baƙonsa, ya ce, "Ɗan sanda ne, Alhaji, mutumin kirki." Daga nan aka kama hanya. Jinin da Oktab yake sha a kofi ya zama zoɓo. Ba ya fita da rana don yana da ciwon ido. Ba ya cin abinci don gyambon ciki. Akwatin gawar da yake kwana ciki kuwa, Yaya ya ce gwamnati ce ta daɗe ba ta biya albashi ba, gadon ma ya sayar. Baffa ya girgiza kai ya ce ai mun ga irin haka a ƙasar nan kafin a yi canji, Allah ya sa kada a koma. In aka nuno Oktab a zamanin da, kan doki da gashin ƙarya, sai Yaya ya ce kakansa ne, kama ce ta yi yawa.

Lahadi bakwai ana haka. Baffa ya kamu da son Sufeto har yana jinkirta tafiya arewa don kada wata Lahadi ta wuce shi. Ni da na yi lakwal, bokon Faransanci, ina jin kowace kalma, ina bakin madafa ina cije leɓe. Na ce wa Yaya, "Wallahi ramin ƙarya ƙurarre ne." Ya ce in kula da miyata.

Ran Lahadi ta takwas rumfa ta cika. Baffa yana kan kujerar gaba da carbinsa, kusa da shi abokinsa Dossou, babban mahauci mai sayen rabin shanunsa, wanda ba ya jin Hausa. Yaya yana tsakaninsu kan benci, kamar kullum.

Labarin ranar, an kashe wani mai sayar da agoguna a shagonsa. 'Yan sanda suka taru, abokin cinikin mamacin ya shigo yana kuka yana birgima kan tebur.

"Shi ne," in ji Baffa.

"Alhaji, yanzu fa aka fara."

"Na ce maka shi ne. Wanda ya fi uwar mamaci kuka a duba aljihunsa."

Minti biyar ke nan da farawa, kuma gaskiyarsa, shi ɗin ne. Amma Sufeto Oktab, mai shekara ɗari uku da arba'in, sai da ya ci kusan awa guda kafin ya gane abin da mai kiwon shanu ya gani da kallo ɗaya. Maimakon ya tambayi maƙwabta, sai ya hau rufin bene ya tsaya cikin ruwan sama yana tunanin wata mata da ta mutu tun kafin a ƙirƙiro keke. Aka yi ta kaɗa masa goge, shi kuma yana kallon sama da fuska a ɗaure.

"Me yake nema a saman ɗaki?" in ji Baffa.

"Yana nazarin shari'ar, Alhaji."

"Cikin ruwa? Da gyambon ciki? Wannan yaro ba shi da mai faɗa masa?"

Abokiyar aikinsa, wata 'yar sanda mai jan gashi, ta hau ta same shi. Shekara uku suna mota ɗaya, ba ta taɓa ganin ya sa ko ƙwayar gyaɗa a baki ba, ba ta taɓa ganinsa da rana ba, fuskarsa fari fat kamar an wanke tumbi, amma wai ita ma mai bincike ce. Da a Zongo ne, kwana biyu ya isa Bibata mai ƙosai ta gano shi ta kuma sanar da unguwa. Ta ce masa, "Oktab, akwai abin da kake ɓoye mini." Ya ce, "Dare yana da nasa asirai." Yaya ya fassara da cewa ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi.

Dossou ya yi dariya ya ce da Fon, mai son jini irin wannan da mayanka ya zo da ya fi amfani, ga abincinsa nan yana malala a kwata kyauta. Baffa ya tambayi abin da ya ce. Yaya ya ce, "Ya ce aikin ɗan sanda sai mai haƙuri."

Can dai aka zo ƙarshe. Oktab ya ritsa mai laifin a hawa na goma na wani otal. Mutumin ya zaro bindiga ya harbe shi sau uku a ƙirji, Oktab ko gezau. Yaya ya yi maza ya ce laya ce. Baffa ya gyaɗa kai, wannan bai ba shi mamaki ba. Sai idanun Sufeto suka koma ja, haƙora biyu suka zubo masa har leɓen ƙasa, ya damƙi mutumin ya kafa masa baki a wuya. Masu fim ɗin da suka yi makonni bakwai suna ɓoye abin cikin duhu, ranar nan suka matso da na'ura har kana ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

Carbin Baffa ya tsaya.

"Maigida, me yake yi?"

Na ga zufa a ƙeyar Yaya. Ya ce, "Maciji ne ya sari mutumin, Alhaji. Yana tsotse masa dafi, don a kai shi gaban alƙali da ransa."

Kash! Da ya ce wani abu daban, wataƙila da ya sha. Amma ya rasa wanda zai yi wa ƙaryar maciji sai mutumin da ya yi shekara arba'in a daji bayan shanu.

"Maciji," in ji Baffa a hankali. "A hawa na goma. A wuya. To, na ji. Ni na tsotse wa mutum dafi sau huɗu a rayuwata. Ana tsotsa ana tofarwa. Wannan haɗiyewa yake."

Yaya ya buɗe baki, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya waiwayo bakin madafa inda nake tsaye da ludayi.

"'Yar Malam, ke kin yi boko. Zo nan. Don girman kabarin mahaifinki, mene ne wannan mutum?"

An haɗa ni da kabarin Malam, me zan ce? Kuma ba zan ɓoye ba, haushin Yaya nake ji tun makonni. Na ce, "Baffa, maye ne. Jinin mutane yake sha. Tun ranar farko haka yake."

Baffa ya yi a'uziyya ya tofa hagu. Na ɗauka zai tashi, amma bai tashi ba. Ya juya ga Yaya, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Wata biyu ina yi wa maye addu'ar samun lafiya," in ji shi. "Wannan tsakanina da Ubangijina ne, zan nemi gafara. Abin da nake tunani daban ne. Shekara ashirin da biyu ba ni da kunne a garin nan sai na gidan nan."

"Alhaji, wasa ne fa, fim ne kawai. Na ga kana jin daɗinsa."

"Na ji daɗinsa ƙwarai. 'Yar Malam, kina jin Fon?"

Na ce ina ji.

"To, zauna nan inda yayanki yake."

Yaya ya matsa ƙarshen benci. Na zauna tsakanin dattawan biyu, ludayi yana hannuna har yanzu. Dossou yana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da ake ciki ba.

"Tambaye shi," in ji Baffa. "Shekara tara da suka wuce na sayar masa da wani jan bijimi, ya yanka ya tarar hantar ta lalace, ya tsaya tsakiyar kara ya ce na san da ciwon na ɓoye. Na rantse ba zan ƙara sayar masa da ko akuya ba. Bayan kwana uku ya zo nan gidan, ya tsaya can bakin rijiya, ya ba ni haƙuri. Tambaye shi ko yana tune da abin da ya faɗa."

Na juya na faɗa wa Dossou da Fon, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya saki baki.

"Ni? Ni na ba shi haƙuri? Shi ya aiko Abdurrashid ya kira ni, ya ce tsufa ne ya sa bai lura da bijimin ba, in yafe masa. Ni cewa na yi na yafe, amma kada ya sake."

Na dubi Yaya. Kansa yana ƙasa, yana murza hularsa.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

Na faɗa masa.

Baffa ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni kuma abin da na ce ranar, na karɓi tubansa don Allah yana son masu tuba. Faɗa masa."

Na faɗa. Dossou ya miƙe tsaye yana nuna ƙirjinsa, yana cewa shi bai taɓa tuba ga mai sayar da mushe ba. Baffa bai nemi fassara ba, ni ma ban yi tayi ba. Mutanen nan biyu sun ci abinci kwano ɗaya, Dossou ya je har arewa bikin 'yar Baffa, kowannensu yana ganin shi ne ya yi girma ya yafe wa ɗan'uwansa. Dossou ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita ba sallama. A tele an koma nuna Oktab kan rufin bene, ana kaɗa masa gogen nan, ba wanda yake kallo.

Baffa ya yi magariba a masallaci, ya kwana gidanmu, da safe ya shigo har madafa ya yi wa matar Yaya godiyar abinci. Bai ce kowa ya yi masa laifi ba. Ya naɗe buzunsa ya ratsa bayan masallaci zuwa gidan Badarou, kafin azahar ƙananan fataken uku sun bi shi. Dossou kuwa tun daga ranar shanun wasu yake saye.

Na dawo daga Dantokpa da yamma na biyo ta gida. Na tarar da Yaya shi kaɗai ƙarƙashin rumfa, ɗakunan baƙi a buɗe, an share su. Na shigo da shirin faɗa, maganar da zan gaya masa tun a kan zemijan nake jera ta. Bai bari na fara ba.

"Zakiyya," in ji shi, "shekara tara ba su yi faɗa ba. Wa na cuta?"

Na tsaya da jakata a hannu. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwa ba, sai na ajiye jakar, na zauna kusa da shi kan benci.