Allin da Ya Faɗi a Ajin Malam

Maigidana malamin Turanci ne, kuma yana da darasi guda da duk wanda ya bi ta hannunsa ba ya mantawa, darasin "pick up". Zai shigo aji ya saki alli ƙasa da gangan, ya sunkuya ya ɗauka, ya ce ga ma'ana ta farko. Sai ya kara dastar goge allo a kunne wai ya ɗaga waya, ya tuƙa motar iska ya ɗauko yaro daga makaranta, ya kwanta kan benci yana nishi, can ya miƙe garau wai majinyaci ya farfaɗo. Yara su yi ta dariya har da riƙe ciki. Dokarsa ɗaya ce: in allin ya faɗi, kada wanda ya motsa. Wanda ya ɗauko masa ya ɓata darasi, kuma zai sha ranƙwashi.

Na sha ce masa, "Malam, da furfurarka kake birgima gaban 'ya'yan mutane?" Sai ya ce in ji da tukunyata.

Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Muka yi jinya, baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi, hannu kuwa sai a hankali. Shugaban makarantar, wanda shi ma ɗalibinsa ne a da, ya ce zai zauna bayan aji ya ga darasi ɗaya. In Malam ya iya, ya ci gaba da aiki. In bai iya ba, sai ritaya. Mutumin da ko ranar hutu sai ya leƙa ajinsa!

Na roƙe shi ya zaɓi darasin da zai yi a zaune. Ina! Taurin kai kamar na mutanen farko.

Ranar na riƙo masa jaka, na tsaya a bakin taga. Ya gaishe su, ya rubuta "pick up" da hagu a karkace, sannan ya saki allin. Ya sunkuya da hannun dama, kamar yadda ya saba. Yatsun suka taɓa allin, suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa, allin ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ba wanda ya motsa. Wata yarinya a gaba hawaye na zuba, amma hannunta na naɗe a ƙirji. Shugaban ma ya sunkuyar da kai, ya zauna daram, don shi ma ya san dokar.

"Wai ku ba ku da imani ne?" Ban san sanda na faɗa ajin ba. Na ɗauko allin, na sa masa a tafin hannu, na naɗe masa yatsun da kaina.

Ya dube ni daga durƙushe. "Kin ɓata darasin," ya ce a hankali.

Shugaban ya taso ya ɗaga shi. "Malam, ka yi mana komai. Ka je ka huta."

Muka kamo hanya har muka iso ƙofar gida.

"Saura ƙiris fa," ya ce. "Da kin bar ni, saura ƙiris."

"Haka ne, Malam," na ce.

Wallahi ba saura ƙiris ba ne, ni na ga yatsun nan. Na buɗe masa ƙofa, na wuce bayan ɗaki na yi kukana inda ba zai ji ba.