Dawowar Haladu

Duk ranar Asabar bayan la'asar, idan zafin Jimeta ya ɗan sassauta, Jemimah takan ture keken ɗinkinta gefe ta shimfiɗa tabarma a shago, matan layinsu na Rumde su taru a yi karatun littafi. Mai karantawa ita ce Keturah, malamar firamare. Kafin Asabar ta zo yara sun gama cinye mata murya, amma ba ta yarda wata ta karɓe ta. Goggo Dudu takan zo da carbinta da ƙorafinta. Sai Kellumi, wadda kullum ke zama kusa da ƙofa, da wata tsohuwar ƙaramar waya a cinyarta.

Littafin da suka fi so sunansa Fitilar Bakin Zaure, tsohon labarin soyayya ne tun zamanin da ake karɓar hayar littafi a kasuwa. Sun karanta shi har bangon ya fita, Jemimah ta ɗinke shi da baƙin zare. Labarin ba shi da wuya: Haladu ya tafi Kurmi neman abin aure, Zulai tana kunna fitila a bakin zaure kowace magariba don ya gane gida. A nan littafin ya ƙare, da fitila a kunne. Marubuciyar ta rasu ba ta faɗi ko ya dawo ba.

Kowa a shagon ya san abin da ya sa Kellumi ba ta gajiya da shafin ƙarshe. Ita da mijinta Modu daga Bama suka gudo zuwa Mubi, suna cewa sun tsira. A shekarar 2014 Mubi ma ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Modu ya ɗora ta a bayan motar kaya, ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa, zai kira ta da ya fito. Bai kira ba. Ta duba sansanonin 'yan gudun hijira, ta duba asibitoci, ta ba masu neman ɓatattu hotonsa har hoton ya koɗe. Lambar wayarta ce kaɗai Modu ya haddace, shi ya sa fiye da shekara goma ba ta bar layin ya mutu ba. Ko ba ta da wanda za ta kira, sai ta sa masa kati.

Wanta Deribe, mai sayar da yadi a babbar kasuwa, shi ke riƙe da ita. Ba mugu ba ne, gajiya ya yi. Kowace shekara yakan zaunar da ita ya ce su je wajen alƙali a yanke hukuncin wanda ya ɓace, ta yi takaba, a yi wa Modu addu'a kamar kowane mamaci. "Ke ba matar aure ba, ke ba bazawara ba," in ji shi. "Har yaushe?" Ita kuma kullum amsarta ɗaya ce, sai bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Ana nan sai wata yarinya da ba su taɓa gani ba, mai cewa ita 'yar ƙanwar marigayiya ce, ta fara sakin kashi na biyu a WhatsApp, shafi kaɗan kowane mako. Tun daga makon farko Goggo Dudu ta ɗaure fuska.

"Wannan ba Zulai ba ne," ta ce. "Zulai da nake sani da fitilar ƙwai, yanzu janareta yake tayarwa? Har da shagon kwalliya?"

"Zamani ne, Goggo," in ji Jemimah, wadda ba abin da ke burge ta kamar yadda yarinyar ke bayanin leshi da ɗinki.

"Zamanin banza. Da in Haladu ya kalle ta, shafi guda ake yi ana jin kunya. Yanzu layi biyu an riƙe hannu."

Keturah kuwa rubutun ne ke ba ta ciwon kai. Ta ce da ɗalibarta ce, da jan biro ya ƙare. Amma duk wannan zagin bai hana su sayen data ba, kuma in shafi ya makara su ne na farko wajen tambaya. Kellumi ba ta yabo, ba ta kushe. Saurare kawai take yi, don har lokacin yarinyar ba ta ce komai a kan Haladu ba.

Marubutan yanzu suna da wata ɗabi'a da na dā ba su da ita: in labari ya kai mararraba, sai su juyo su tambayi masu karatu. Yarinyar ta rubuto cewa zaɓi biyu ne. Ko Haladu ya dawo, ko labarin mutuwarsa ya iso Zulai ta auri wani Alhaji da ya daɗe yana jira. Duk wanda ya fi ƙuri'a shi za ta rubuta.

Ran da saƙon ya zo, Kellumi ta makara. Goggo Dudu ta samu fili.

"Ya mutu mana. Mutum shekara ashirin ba saƙo ba aike? Ko tsuntsu ne ai ya dawo sheƙa. A bar yarinya ya yi aure ya huta."

Ba ta rufe baki ba sai ga Kellumi a bakin ƙofa tana cire takalmi. Goggo Dudu ta duƙufa kan carbinta kamar yau ta fara ganinsa. Kellumi ta gaishe su, ta zauna inda ta saba, ta ajiye wayar a cinya. Ran nan karatun bai yi armashi ba.

Bayan ta tafi, su ukun suka ƙulla shawara. Dole Haladu ya dawo. Ba su iya dawo mata da Modu ba, amma wannan kam yana hannunsu. Keturah ta bi malaman makarantarsu ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tsaya gaban matan zumunta na cocinsu bayan sujada, mata da ba su taɓa jin sunan Haladu ba, ta sa su danna masa ƙuri'a. Jemimah ba ta ba mace ɗinkinta sai ta miƙo waya. Goggo Dudu, da kunya ke ci, ta hau keke mai ƙafa uku har Yola gari ta tattaro wayoyin 'yan uwanta. Ko masu neman kansila ba su sha rana haka ba. Suka kuwa yi nasara.

Asabar ɗin da shafin ya fito, Jemimah har zoɓo ta sayo mai sanyi. Keturah ta gyara tabarau ta fara. Wata baƙar mota mai sheƙi ta tsaya a ƙofar gidan su Zulai. Haladu ya fito cikin farar shadda, ya yi ƙiba, ƙamshin turarensa ya cika unguwa. Ashe haɗari ya yi a hanya ya manta kowa da komai, wani attajiri ya tafi da shi ƙasar waje, ya yi arziki. Wata rana ya ga fitila a wani shago, nan take hankalinsa ya dawo. Ya yi murmushi, ya kira sunanta. Zulai ta suma.

Jemimah ta yi guɗa. Goggo Dudu ta share ido da bakin mayafi. Sannan duka suka juya ga Kellumi, suna jiran ladan wahalarsu.

Kellumi ta juya wayarta a cinya. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Malama, haƙoransa duka suna nan?"

Keturah ta duba wayar, kamar amsar tana ciki. "Ba a faɗa ba, Adda," ta ce, don haka suke kiran Kellumi saboda girmamawa.

"Da aka kawo masa abinci, ci ya yi, ko ɓoyewa ya yi a aljihu?"

Keturah ta kife wayar a kan tabarma.

"Akwai wata 'yar garinmu a unguwar Gwadabawa," in ji Kellumi. "Nata mijin ya dawo bara. Sai da ya faɗi sunan kakansa kafin ta yarda shi ne. In babur ya yi ƙara a waje, ƙarƙashin gado yake shiga. Wani kuma ya dawo, har yau bai yi magana ba, bango yake kallo. Na je na gaishe su duka, don in tambaye su ko sun ga nawa. Ba haka ake dawowa ba, Malama."

"Labari ne kawai, Adda," in ji Jemimah, muryarta ta yi ƙasa.

"Na sani. Na kuma san yawon da kuka yi neman ƙuri'a, matar Ya Deribe ma an karɓi wayarta. Na gode, Allah ya saka." Ta shafa wayar da ke cinyarta. "Ba laifinku ba ne. Na ga masu dawowa da idona, amma in na rufe ido, wannan na cikin farar shaddan nake gani, da fuskar Modu. Yana nan yadda ya sa ni a mota, ko furfura babu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yau da na ji shi a bakin wata, sai na ji irin abin da nake jira. Na gaji, wallahi. Na gaji ƙwarai."

Ta tashi ta sa takalminta. Zoɓon yana nan a roba, sanyinsa ya tafi, ba wadda ta taɓa.

Ranar Litinin ta bi Deribe zuwa kotu. Ba a gama a rana ɗaya ba. An nemi shaidu, an ɗaga zama, an sake ɗagawa, kamar yadda aka saba. Daga ƙarshe alƙali ya yi hukunci, Kellumi ta shiga takaba. Aka yi zaman makoki babu gawa, aka raba sadaka.

Tunda mai takaba ba ta yawo, su ukun suka je gidan Deribe ranar Asabar. Suka same ta a tsakar gida kan tabarma, ba kwalli, ba turare, ta rame. Keturah ta zo da tsohon littafin a jaka, amma ba ta iya fito da shi ba. Aka yi gaisuwa, aka yi maganar zafi da rashin wuta. Yarinyar nan ta riga ta sanar da kashi na uku, babu wadda ta ɗauko zancen.

Da za su tafi, Kellumi ta riƙo hannun Keturah.

"Malama, ki taimake ni da abu ɗaya. Ba na fita yanzu. Ki sayo mini kati a bakin titi, kada su rufe layin."

Goggo Dudu ta buɗe baki, ta kalli wayar, ta kalli Kellumi.

"A kan aure alƙali ya yi hukunci, Goggo," in ji Kellumi. "Bai ce komai a kan waya ba."

Keturah ta bar jakarta a kan tabarma, ta fita neman mai kati.