Raƙumi a Kwamfutar Hanne

Daren jiya, ina sa haƙarƙarina a katifa, mafarki ya ɗauke ni ya kai ni cikin kwamfutar matata.

Bari in faɗi abin da na kwana da shi a rai. Ni ne sakataren ƙungiyar masu busasshen kifi a kasuwarmu ta Haɗeja. Bana aka ce an daina rubutu a littafi, aka haɗa ni da manhajar lissafi. Ni ko ba ni da kwamfuta. Matata Hanne ce ke da ita, kuma a ciki take rubuta kundinta na kammala karatun ungozoma, babi biyar, aikin shekara ɗaya da rabi. Da na kai wa Asabe mai gyaran kwamfuta maganar, sai ta ce manhajar tawa ba ta shiri da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar Hanne. Sai an saka wata babba ta biyu, kuma in aka yi garaje, duk abin da ke ciki yana iya gogewa. Hanne ta yarda ta ba ni aro, amma ta ce, "Baban Zulai, ko waƙafi ɗaya ya ɓace a kundin nan, ni da kai ne." Da wannan na kwanta.

To, a mafarkin na buɗe kwamfutar sai na ga zaure. Na tuɓe takalma, na yi sallama, na shiga. A ciki hantsi ne. Rana tana sama an rubuta mata kashi sittin a goshi. Inuwata ta riga ni shiga tsakar gida, har ta gama gaisawa kafin in iso.

Wata tsohuwa na tarar tana shara. Ta ce, "Ni ce babbar manhajar gidan nan, Iya ake ce mini. Shekara huɗu ina riƙe da shi, ko cokali bai taɓa ɓata ba."

Agwagi biyar suka wuce ta gabanmu a jere, kowace da lamba a ƙirji. Ta huɗun tana ɗingishi.

Na ce, "Iya, waɗannan fa?"

"Kundin matarka ne. Babi na huɗu malaminsa bai sa hannu ba tukuna, shi ya sa."

Muna cikin haka aka yi sallama. Wani raƙumi ne da hula da akwati. A kan tozonsa akwai bushiya ta dunƙule tana barci. Ya ce shi ne babbar manhaja ta biyu da aka aika a kira, bushiyar kuma ita ce manhajar lissafin, ba ta farkawa sai a bayansa, kuma sai ya sami masauki.

Ya ce, "Ni ba ni da fitina. Ko'ina zan kwana."

Iya ta ce, "Ko'ina kamar ina?"

"Ko'ina duka."

Iya ta jingine tsintsiya ta dube ni. Ta ce in je ofis in nemo izini, in tafi da agwagin, don ba ta yarda da yadda baƙon ke kallonsu ba.

Da na isa ofishin, ashe kifayena ne ke riƙe da shi. Na gane su sarai, na kwandon da ke ƙarƙashin teburina ne a kasuwa. Wata tarwaɗa ce shugaba, ta saƙale biro a inda kunne zai kasance da tana da shi. Na ce ashe suna nan. Ta ce bushewa suka yi, ba ritaya ba.

Ta ce, "Ka yi kwafi?"

"Ban yi ba."

"To ba ka zo ba tukuna. Fita ka zo."

Na fita. A bakin ƙofa wata karfasa ta miƙo mini filashi na adana kwafi, bai fi ɗan yatsa ba. Na ajiye shi a ƙasa. Kowace agwagwa ta girgiza jiki ta zama biyu, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta sunkuya ta shige filashin. Na ɗauka na koma ciki ina murmushi.

Tarwaɗa ta ce, "Ka buɗe ka duba?"

"Ai a gabana suka shiga."

"Ban tambaye ka shigarsu ba. Buɗe."

Na kara ido a bakin filashin. Agwagi huɗu ne zaune a kan benci. Babu ta uku. Ga shi kuwa babi na uku shi ne wanda Hanne ta yi wata biyu tana bin ƙauyuka a kan babur tana yi wa mata tambayoyi.

A teburin mai shayi na same ta. A garin, shayi daga kofi yake komawa buta, kuma mai shayin ne ke gode wa wanda ya zo da ƙishirwa. Agwagwar ta hau benci tana gardama da wani jaki a kan yawan matan da ke zuwa awo. Ta ce ta fito shan iska ne, filashin akwai zafi. Na ba ta haƙuri, na rungumo ta, na mayar. Na ƙirga sau biyu, biyar cif. Tarwaɗa ta buga mini hatimi a tafin hannu ta ce yanzu na zo.

Sai ga ni a tsakar gidan Iya. Raƙumi ya riga ya cusa kai a ɗakinta yana shinshina hotunan sunan Zulai da ke rataye a bango. Madannai biyu sun tsiro a ƙasa kamar kabewa. Ɗaya ƙato ne, kore shar, yana ƙamshin tsire. Ɗayan ƙarami, ya raɓe a bayan randa don kunya.

Ƙaton ya ce, "Alhaji, danna ni. Minti biyu an gama."

Ba a taɓa ce mini Alhaji ba. Na ji daɗi ƙwarai. Ɗan yatsana ya fara tsawo da kansa, ya wuce turmi, ya wuce igiyar shanya, ya nufi madannin. Iya ta shimfiɗa zani ta fara ɗaure kayanta. Nan na tuna agwagi kaɗai na kwafa. Iya ba ta da kwafi, hotunan ma haka. Na so in janye hannu, yatsan ya ƙi.

Sai Hanne ta sauko daga kan rufi da farar rigarta ta asibiti, a hankali, kamar ana zuro ta da guga. Ta tsaya a gefena ta ce, "Baban Zulai, karanta."

Na durƙusa na karanta. A jikin ƙaton an rubuta: SHARE KOMAI KA HUTA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ƙara: har da Iya.

Yatsan ya tsaya cak. Ya dawo a sanyaye ya shige aljihu, bai sake fitowa ba sai da aka kira shi. Madannin ya yi tsaki ya ce dama ni ba Alhaji ba ne.

Asabe mai gyara ta iso a kwalekwale, tana tuƙi a kan busasshiyar ƙasa da sukundireba. Ta gaida Iya, ta ce ta kwance kayanta, babu inda za ta. Sannan ta ce hanya biyu ce. Ko a raba gidan da katanga kowa ya kama gefensa, ko a yi wa baƙo ɗaki a cikin ɗaki. Muka tambayi magini, wani kunkuru, ya auna tsakar gida da igiya ya ce katanga za ta yiwu, amma in hannunsa ya goce zai iya rushe kicin. Hanne ta ce a bar maganar katanga.

Asabe ta ɗauko kwanon sha mai murfi ta ajiye a gaban raƙumi.

Na ce, "Injiniya, raƙumi ne fa."

"Leƙa ka gani."

Na leƙa. A cikin kwanon akwai ɗaki da falo, da taga, da bishiyar ƙaya, har da wata 'yar rana tasa ta kansa. Ta ce in ya shiga zai ɗauka duniyar ke nan duka. Ba zai ga agwagi ba, ba zai taɓa hotuna ba. In ya yi rashin ji a rufe murfi, in ya lalace a wanke kwanon a kira wani.

Saura abinci. Tuwon gidan malmala takwas ne kullum. Raƙumi ya ce a ba shi bakwai. Iya ta ce in aka yi haka ko tsintsiya ba za ta iya ɗagawa ba. Aka yi ta ciniki har aka tsaya a uku, da alkawarin ƙarin miya ranar da aiki ya yi yawa.

Raƙumi ya sa ƙafar gaba a kwanon, ya sa ta biyu, wuya ya bi. Ya kai rabi ke nan gari ya fara duhu. Na ɗaga kai, rana ta koma kashi bakwai. Asabe ta ce in ta faɗi yana rabi ciki rabi waje, haka zai zauna, kuma ba ta san mai iya fitar da shi ba. Shida. Biyar. Na laluba aljihu, caja tana nan, amma duk gidan babu soket.

Hanne ta ce, "Kai da kake sana'ar kifi?"

Ta tura hannu cikin randa ta ciro minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki. Minjiryar ta gaishe mu, ta buɗe baki, Hanne ta soka cajar. Rana ta yi tari sau biyu ta hau sama. Raƙumi ya ƙarasa shigewa har jela, muka ji shi daga ciki yana yaba faɗin falo.

Bushiya ta farka. Ta yi miƙa, ta sa tabarau, ta leƙo ta tagar kwanon ta ce a kawo aiki. Kifaye suka taho daga ofis suka yi layi, kwando kwando, tana kiran suna suna amsawa. Ba ta yi minti ɗaya ba ta gano an ƙirga tarwaɗa sau biyu, don ta rubuta kanta a ma'aikata ta kuma rubuta kanta a kaya. Tarwaɗa ta ce a gaskiya duka biyun take yi. Aka yi dariya, har kunkuru, wanda tasa ta iso daga baya.

Iya ta ƙwanƙwasa murfin kwanon ta ce, "Baƙo, an wuni lafiya?" Daga ciki aka ce, "Lafiya lau, wa ke magana?" Ta ce, "Ba kowa," ta ɗauki tsintsiyarta tana murmushi.

Agwagin nan suka fito da hulunan kammala karatu. Ta huɗun ta daina ɗingishi. Ta biyar ta hau kan turmi za ta yi jawabin godiya, kowa ya kasa kunne. Ta gyara tsayuwa, ta buɗe baki, sai ta ce ƙarrrrrr.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye tuni, Hanne tana zaune a bakin gado tana ɗaura ɗankwali.

Na ce, "Hanne, kafin in taɓa kwamfutar nan, sai mun kwafe komai. Kundin, da hotuna, duka. Kuma sai mun buɗe mun duba."

Ta dube ni ta madubi. Ta ce, "Tun ranar da ka fara zagaya ta kana gyaran murya na kwafe wuri uku. Ɗaya yana jakata, ɗaya yana gidan Yaya Dije."

"Na ukun fa?"

"Wannan ba na faɗa maka. Tashi ka kai mana markaɗe kafin layi ya yi tsawo."