Bindigar Asibi

…a kafaɗa, ba a ƙirji ba, sau nawa zai faɗa? Bitrus yana kama gindin bindigar yana tura shi cikin ramin kafaɗar yarinyar, yana jin ƙashi a tafin hannunsa. Ƙashi zalla. Yaushe ta rame haka? Asibi, jikarsa, shekara goma sha biyu, wadda da ita ke cika gida da surutu. Ta ce masa tsoho ka ƙi mutuwa, shi kuma ya ce uwargida ina tuwona… Yanzu ga ta tsaye, ido a kan gora, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Danne ta da kyau. In ba ki danne ba, sai ta shure ki awa jaki."

Ba ta amsa ba. Dama ba ta amsawa.

Tafkin ya ja baya bana fiye da yadda ya saba. Laka duk ta tsattsage. Itatuwan da ruwa ya cinye tun yana yaro sun fito tsaye, baƙaƙe, ba ganye ba ɓawo, kamar mutanen da aka ce su jira aka manta da su. Babu iska. Hantsi ya yi amma ba rana, hadari ya rufe ta, ruwa da sama launi ɗaya. Ko kwalekwale ɗaya babu. Ina masunta suka shiga yau? Kasuwa ta kwashe su? Gara haka — gara kada kowa ya gani.

Shi gwangwani ya kawo. Ita ta tsinto tsohuwar gorar masunta, ta wuce gajerun kututturai duka, ta je ta ɗora ta a kan wani mai tsayin mutum. Me ya sa sai wannan? Ga gajeru nan birjik… A'a. Yarinya ce. Abin da ya yi mata kyau ta zaɓa.

Wata bakwai ba ta haɗa kalma uku ba. Tun ranar da aka binne ubanta, Elijah, ɗansa guda namiji, a bayan coci — ranar da mutanen daji suka zo a kan babura suka tafi da shanu. An kai ta asibiti a Wara, an ce lafiyarta lau. Fasto ya ɗora mata hannu. Shiru. Sai wata safiya yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ya ji murya a bayansa: Kaka, koya mini harbi. Murna ya yi. Allah ya gafarta masa, murna ya yi, don muryar kawai ya ji, bai ji maganar ba. Washegari ya tafi wajen Dudu maƙeri. Ƙarama, mara nauyi, mai cin harsashi ɗaya: a karya ta, a sa, a rufe. Dudu ya ce ta wa? Ya ce ta birai, sun addabi masara. Dudu ya daɗe yana kallonsa…

Susan kuwa, uwar yarinyar, ta san ciyawar awaki suka fito yanka. Bindigar cikin buhu ta fito daga gida, ƙarƙashin lauje.

To me zai yi? Yanar ido ta fara rufe masa idon dama, bai gaya wa kowa ba. Namiji a gidan daga shi sai jinjirin da ke goye. In mutanen daji suka dawo fa? Wani dole ya iya. Wani dole —

"Ja numfashi. Saki rabi. Kada ki fizgi kunama, matsa ta sannu sannu."

Ƙarar ta fashe, ta bi bisa ruwa ta tafi, ta bugi tsibiri ta dawo. Ta sake dawowa, ƙasa-ƙasa, kamar wani ne can ya amsa. Tsuntsu ko ɗaya bai tashi ba. Babu su ne? Laka ta yi tsalle hagu da kututturen, ta kuskure. Bindigar ta tura ta baya taku guda, ta dawo inda take. Ba kuka, ba dariya, ko kafaɗar ba ta shafa ba.

Shi ranar da ya fara harbi, kuka ya yi. Ƙarƙashin tsamiya, tsohon gari, Baba tsaye a bayansa yana warin taba da hayaƙin kifi — kada ka ɗaga ta a kan abin da ba ka yi niyyar kashewa ba, ka ji ko? Na ji, Baba. Kunne yana ta ƙugi har dare, Inna tana faɗa an kurumtar mata da ɗa… Can. Wajen can ne, inda baƙaƙen itatuwan suka yi cunkoso. Wata cikinsu ma ita ce tsamiyar, wa ya sani? Shekara guda bayan nan ruwan madatsa ya zo, aka kwashe su a manyan motoci, aka bar kakanni kwance a ƙasa. Masunta na cewa in ruwa ya yi tsit irin na yau, sukan ji ana daka a ƙarƙashi. Bai taɓa ji ba. Ba ya son ya saurara.

Ƙas. Ta karya bindigar da kanta. Kwanson ya faɗo, ta ɗauka ta shinshina, ta sa a ƙullin zane. Hannu ta miƙo. Ya ba ta na biyu. Uku ya kawo.

"Kin ja hagu. Wanga karon ki…"

Ba ta tsaya ba. Ina za ta? Tana tafiya wajen kututturen, bakin bindiga a ƙasa yadda ya koya mata, madalla, ta riƙe wannan. Ta isa. Ta jingina bayanta da shi, gorar a bisa kanta. Sannan ta fara tahowa, ba wajensa ba, gefe, wajen da doguwar ciyawa ta tsiro a tsohuwar gaɓa. Tana buɗe ƙafa, tana yin taku irin na babban mutum. Leɓɓanta na motsi. Ƙidaya take yi.

Shi ma ya kama, bai san ya kama ba. Goma sha takwas. Sha tara. Me take aunawa? Wa ya ce mata ana auna… ashirin da huɗu… kada ta kai, ya Ubangiji, ta tsaya a nan, ta wuce, ko ta tsaya ko ta wuce… ashirin da tara.

Talatin.

Ta juya. Ta durƙusa, ta kwanta rub da ciki a cikin ciyawar, ta miƙe ƙafar hagu ta lanƙwashe ta dama, ta ɗora kumatu a kan bindiga.

Bai koya mata kwanciya ba.

Ranar da aka kashe Elijah, dawa ta yi kai, karan sun fi mutum tsayi, shi yana kwance a tsakiyarsu, ƙasa tana da ɗumi a cikinsa. Birai ya shiga kora, da babbar bindigarsa, a ɗure. Sai ƙugin babura. Uku, kowane da mutum biyu. Elijah yana ɗaure dami a fili, bai ko sami gudu ba. Suna ihu: ina shanu? Ina aka kai shanu? Elijah a gwiwa, hannu sama, yana cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Mai jar hular sanyi yana tsaye a kansa. Wuyan mutumin — ga shi nan, daidai bakin bindiga, har jijiyar yana gani, a lokacin idon bai fara lalacewa ba. Yatsa a kan kunama. Matsa. Bitrus, matsa. Yatsan kamar na wani, kamar an sassaƙa shi da itace. Tururuwa tana hawa hannunsa yana kallonta. Elijah ya juyo da fuska wajen dawar sau ɗaya… ya san yana ciki? Ya san?

Da suka tafi ya tashi ya je ya ɗauki ɗansa. Ƙafafun ne suka ƙidaya da kansu. Talatin.

Ya ce wa mutane yana bakin ruwa ya ji harbi, kafin ya iso an gama. Aka yi ta ba shi haƙuri. Ya ce wa kansa kuma — kowace safiya, wata bakwai — harsashi ɗaya, su shida. Nisa ya yi yawa. Daga can ba a samu, tsohuwar bindiga ce, watsawa take. Da ya harba ya kuskure, da sun bi ta kansa sun shiga gari, da Susan, da jinjirin da ke ciki lokacin, da… Nisa ya yi yawa. Kowa ya gani zai ce nisa ya yi yawa.

Asibi kunu aka aike ta kai gona ranar. Da yamma aka same ta ƙarƙashin rumbu a gida, aka ce ta ji ƙara ne ta juyo daga hanya, Allah ya kiyaye ba ta ga komai ba. Kwanon kunun fa? Shi ya tsince shi. Shi da hannunsa, bayan kwana biyu, a kife, ƙudaje sun rufe shi — a kan jigawar da ke bayan gonar dawa. Ya wanke ya mayar ɗaki, bai tambayi kansa ba. Jigawar da in ka hau kana ganin fili. Kana ganin cikin dawa ma, daga sama. Kana ganin bayan mutum a kwance.

Har yanzu ba ta harba ba. Ciyawa ta rufe ta, ƙafafunta kawai yake gani da baƙin bakin bindigar. Me take jira? Hadari ya ƙara saukowa. Wani abu ya motsa a ruwa can nesa, ya nutse, da'irar tana ta faɗi ba ƙara. Tana kwance. Tana kwance. Haka shi ma ya daɗe? Haka tsawonsa yake ga wanda ke kallo daga baya? 

Gorar ta tarwatse kafin ya ji ƙarar. Ɓaraguzan suka watsu a laka, ɗaya ya yi ta juyi a kan kututturen sannan ya faɗo. Tsibiri ya amsa, ya sake amsawa.

Ta tashi. Gabanta duk laka, tun daga haɓa har gwiwa. Tana tahowa ba sauri, bakin bindiga a ƙasa. Ta tsaya kusa da shi har yana jin warin albarushi a jikinta.

"Kaka."

"Na'am, ɗiyata."

"Daga nan ana samu."

Ba faɗa a muryar. Da ma da faɗa. Da ma ta yi ihu, ta jefe shi da bindigar, ta kira shi abin da yake. Yadda ake cewa an sa gishiri a miya, haka ta faɗa.

"Su shidda na, Asibi…" Muryar wa ce wannan, siririya haka? "Harsashi guda gare ni. Su shidda."

"Na sani. Na ƙidaya su."

Ta karya bindigar. Kwanso ya faɗi, wannan karon ba ta ɗauka ba. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe, da laka a tsakanin yatsu.

Na ukun yana aljihunsa. Yana jin sa, ya yi ɗumi da zafin jikinsa. Gora ta ƙare, ba abin da ya rage a kan kututturen — to na mene ne? Na wa? In ya hana ta, da wane baki? In ya ba ta… Wata bakwai tana zuba masa ruwan wanka, tana ajiye masa tuwo, tana kwana ɗaki ɗaya da uwarta da wannan abu a bakinta, ba ta faɗa ba. Shi take rufa wa asiri? Ko jira take ta tabbatar? Yanzu ta tabbatar. Susan na gida tana jiran ciyawa.

Yana so ya ga fuskarta, idon dama ya hana, na hagu ya cika da ruwa. Inuwa kawai, ƙarama, da hannu a miƙe. Can tsakiyar tafki ruwan sama ya fara sauka, fari, yana tahowa a hankali. Da zai zauna, nan cikin lakar, ɗan kaɗan kawai. Hannunsa yana cikin aljihu, ya kama harsashin, kuma yatsun — yatsun nan dai — sun ƙi fitowa, sun ƙi saki.