Hoton Todorka

Yawancin aikin da ke zuwa shagon Nevena a garin Tutrakan sanarwar rasuwa ce, irin wadda ake mannawa a ƙofar gida da jikin bishiyoyi. Tsohuwar firintarta ta fi shekara ashirin tana wannan aiki, har farin jikinta ya koma launin madara da ta kwana. Ba ta taɓa ba ta kunya ba sai da 'yarta Ralitsa ta zo hutu daga Jamus, ta sabunta tsarin kwamfutar gaba ɗaya, ta koma abinta. Washegari firinta ta yi gum.

A ranar ne Bai Delco ya shigo da sandarsa. Tsohon masunci ne, matarsa Todorka ta kusa cika kwana arba'in da rasuwa. Ya ajiye wani ɗan hoto a kan tebur, fuskar Todorka kaɗai, an yanko ta da almakashi daga wani babban hoto.

"Ina sauran?" in ji Nevena.

"Ita ta yanka da kanta tun da daɗewa, ta jefa sauran a murhu. Wai nan ne kawai ta yi kyau. Kwafi ashirin nake so, 'yar nan, zuwa jibi."

Ta ɗauki hoton a sikana, ta rubuta suna da ranar addu'a, ta danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba, alhali ga ta nan kusa da gwiwar hannunta da koriyar fitilarta a kunne. Ta kashe ta kunna. Ta zare wayar firintar ta hura bakinta ta mayar, ta sauya rami. Ta ciro tawada ta girgiza. Har kwamfutar ta kashe, ta je ta dafa kofi ta dawo, ba abin da ya canza.

Ta kira Ralitsa.

"Mama, matsalar direba ce."

"Wane direba kuma? Mota na ce miki ta lalace?"

"'Yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta. Sabon tsarin bai san wannan kakar taki ba. Ki jefar da ita, zan aiko miki da sabuwa."

"Sabuwar za ta iso kafin jibi? Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Sun yi ta fama har bayan azahar. Ralitsa na faɗa, Nevena na dannawa tana gyara tabarau. A ƙarshe suka samo tsohon direba a wani shafin intanet, kwamfuta ta yi gargaɗi cewa ba ta san asalinsa ba, Nevena ta ce ta ji. Firinta ta yi tari, ta ja takarda. Ralitsa ta yi dariya ta ajiye waya.

Kwafin farko ya fito tsaf. Na biyu ma haka. Nevena tana jera su a kan tebur sai ta lura Todorka ta ɗan matsa hagu, a gefen dama kuma wani baƙin abu ya leƙo. Ta ɗauka tawada ce ta zuba. A takarda ta gaba baƙin ya faɗaɗa, ya zama kafaɗar kwat. Ta duba allo: Todorka ce ita kaɗai. Ta ɗaga murfin sikana ta ɗauki ɗan hoton, ta shafa gefensa da yatsa, inda almakashi ya bi. Babu kafaɗar kowa a jiki.

Firinta ba ta tsaya ba. Kunne ya fito, sai gashin baki, sai ga Bai Delco gaba ɗaya, da sauran ƙarfinsa, yana dariya a cikin baƙin zagayen sanarwar. Rana na haska shagon, a waje wata mata na cinikin tumatir.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Bai Delco ne, ya dawo daga kasuwa da burodi a hammata. Ta yi ƙoƙarin kife takardun, ya riga ya gani. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Kai, ji kwat ɗin nan," ya ce. "Aro na yi."

"Bai Delco, injin ne ya rikice. Zan yaga su."

"Kada ki yaga. Todorka ce ta gaji da jira. Ko coci za mu, ita ke riga ni fita, ta tsaya a ƙofa tana ƙwala mini kira." Ya nuna takardar da ke fitowa. "Bikin ɗan limamin cocinmu ne wannan. Ke ma ai kina wurin."

Nevena ta kalli takardar. Todorka ta kusa ficewa daga hagu, Bai Delco na tsakiya, a damansa kuma ga hannun wata riga mai ƙananan furanni. Ta san rigar. Ita ta ɗinka ta, ta sa ta a bikin nan, kuma ta san inda zaren hannun ya karkace. Firinta ta sake jan wata takarda.

Ta danna maɓallin tsayarwa, ba ta tsaya ba. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta fizge fulogin daga bango. Takardar ta maƙale rabi a ciki rabi a waje, a kife. Nevena ba ta juya ta ba.

"Wa ke tsaye kusa da kai a hoton?" ta tambaya.

Tsohon ya sosa kai. "Wallahi na manta, 'yar nan. Mutane ne da yawa a layin."

Ya zaɓi wadda suke su biyu, ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihun ƙirji. Sauran kwafin Nevena ta yi masa su a injin fotokofi daga takardar farko. Ranar arba'in ta je makabarta, Bai Delco ya miƙa mata dafaffiyar alkamar sadakar mamaci a kofi, ta ci don kada a ce wani abu.

Da masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ratsa unguwar da keken doki, ta ce su shiga su ɗauki tsohuwar firintar da kansu, har da takardar da ke bakinta. Sabuwar firinta ta iso, ba ta taɓa ba da matsala ba.

Bai Delco ya rasu da shigowar sanyi. Ya haura tamanin, ba wanda ya yi mamaki. 'Yarsa ta zo shagon da hoto a ambulan, Nevena ta yi mata ta'aziyya, ta ce tawada ta ƙare, ta kwatanta mata wani shago kusa da tashar mota. Bayan matar ta fita, ta kulle ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, ta kira Ralitsa ta tambaye ta ko za ta iya zuwa gida kafin Kirsimeti.