Bangon da Hadijatu Ta Shafe

A bayan kasuwar Azare akwai wani dogon soro da ake ce wa Soron Majigi. Ya Fanna, tsohuwar da ke sayar da dakuwa a ƙofarsa, ta ce a idonta aka gina shi don awon auduga. Daga baya 'yan kama suka riƙa wasa a ciki. Shekarar agana, nan aka yi wa mutane lamba. Sai majigi ya zo, aka shafe bango guda da farar ƙasa.

A bangon nan aka taɓa nuna Jalo, mijin Hadijatu mai nono. Masu majigi sun ɗauki hoton hanyar Bulkachuwa ranar kasuwa, sai ga shi yana jan takarkarinsa, ya fi ƙofa tsawo. Kunya ta kama Hadijatu. Ya za ta tsura wa mijinta ido a gaban jama'a? Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba sai da ya wuce.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke Jalo. Kafin ta fita takaba, fuskarsa ta fara gudunta. In ta rufe ido sai ta ga malafarsa, ta ga sandarsa, tsakiya kuwa ba komai.

Da ta ji motar majigi za ta dawo, ta yi sammako ta shigo gari. Ta tarar an cika soron da buhunan gyaɗa har azara.

Malam Maikuɗi, mai gadin wurin, ya ce, "Soron nan ya tuba, 'yata. Yanzu gyaɗa ke kwana a ciki."

Ya Fanna ta ce, "Da kai da ɓeraye. Malam, bangon ba shi da baya ne?"

Hadijatu ta zagaya ta dubi bayan bangon, duk ruwa ya zaizaye shi. Ta samo farar ƙasa, ta jiƙa a ƙwaryar nononta, ta hau turmi. Da tafin hannu ta yi ta shafawa, kamar yadda ta shafe ɗakinta tana amarya, har la'asar.

Mai majigi ya dubi bangon, ya ce zai yi. Ta roƙe shi ya sa hoton hanyar Bulkachuwa.

"Wannan ya tsufa, baiwar Allah, duk ya karce."

"Sa shi haka nan."

Bayan magariba haske ya faɗa kan bangon. Karce-karcen suna zuba kamar yayyafi. Cikin yayyafin jakuna suka wuce, mata da ƙore suka wuce, ba motsin ƙafa ko ɗaya da ake ji. Sai ga takarkarin.

Hannun Hadijatu ya tafi ga mayafi da kansa. Ya Fanna ta riƙe shi.

"Yau kam ki duba."

Jalo ya ɗaga malafa ya dubi sama, yadda yakan yi in yana neman hadari. Ga siririn hancin nan, ga tabon ƙahon nan a gira. Ya taka a hankali kan sawun tafinta, ya kai ƙarshen bango, ya fita.

Hadijatu ta rufe ido. Fuskar tana nan. Ta buɗe, ta sake rufewa, tana nan.