Akwatin Basti Jandan

Basti Jandan ne ƙauye na ƙarshe a kan hanyar ruwan noma. Kafin ruwa ya ratsa gonakin manyan ƙauyuka ya iso nan, abin da ya rage bai wuce ya jiƙa ƙasa ba. Shekara uku ke nan alkamar Khuda Bakhsh tana bushewa tun ba ta fid da kai ba.

Mutanen ƙauyen suna da wata dabara da suka gada. Ranar zaɓe kowane gida raba ƙuri'unsa yake yi biyu, rabi ga wannan ɗan takara, rabi ga wancan, don ko wa ya ci a sami fuskar zuwa ƙofarsa. Sai dai ana liƙa sakamakon kowane akwati a bango, kuma ɗan majalisa yana karantawa. Duk ranar da dattawa suka je roƙon a yashe hanyar ruwan a yi mata siminti, sai a ba su shayi, a ce musu, "Rabi kuka ba ni. Akwai ƙauyukan da suka ba ni duka, su ne a gaba."

Bana Khuda Bakhsh ya tara magidanta a gindin bishiya. Aka jera gadajen igiya, tukunyar taba tana zagayawa. 'Yan takara biyu ne, mai alamar tulu da mai alamar tsani.

"Na gaji da shan shayin mutane," in ji shi. "Mu zuba wa mai tulu duka, sau ɗaya dai, mu gani."

Nazar Husain, maƙwabcinsa a gona, ya yi dariya. "Yaya, kai da ka koya mana rabon? Ko ɓaunar da kake tatsa da tana da ƙuri'a da ka raba ta biyu."

"Na koya muku, na kuma ga abin da ya haifar. Je ka duba gonarka."

Aka daɗe ana ja-in-ja. Daga baya liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka shafa fatiha a kan magana ɗaya: kowa mai tulu zai zuba wa.

Ranar zaɓe da safe Khuda Bakhsh ya zauna gurasa na hucewa a gabansa. Tunani ɗaya ke cinsa. Idan mai tsani ne ya ci, ya duba akwatinsu bai ga ko ɗaya ba, ɗan ruwan da ke zuwa ma ana iya toshe shi daga sama. Ya kira matarsa Sughran a hankali.

"Ke da matar ɗanmu Manzur, ku buga wa tsani. Ku biyu kawai."

Ta tsaya da mayafi a hannu. "Baban Manzur, ba kai ka sa aka shafa fatiha ba?"

"Maza ne suka shafa. Biyu cikin ɗari huɗu, wa zai lura?"

Ta yafa mayafin, ta fita.

Washegari aka taru a ƙofar makarantar firamare, inda aka liƙa takardar. Ɗansa Manzur ne ya karanta wa jama'a. Tulu ɗari biyu da huɗu, tsani ɗari da casa'in da takwas. A mazaɓar gaba ɗaya kuwa mai tulu ne ya ci.

Babu wanda ya zagi wani. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Liman ya tuna yana da uzuri, ya wuce.

Nazar ya matso kusa da shi. "Yaya, mata nawa ka tura?"

"Biyu."

"Ni uku, har da gwaggo da aka kai a amalanke." Ya numfasa. "Za mu je yi wa mai tulu barka?"

"Za mu je. Ai dole."

"Kai za ka yi magana?"

"A sami wani," in ji Khuda Bakhsh.

A hanyar gida Manzur ya tambaye shi ko ya soma shirya gonar ƙasa, wadda ruwa ke isa a ƙarshe. Tsohon ya yi ɗan tafiya yana kallon busasshiyar laka a cikin hanyar ruwan.

"Bar ta bana," ya ce. "Kada mu ɓata iri."